Ko Kun Sani? Golf GTI, Ƙaramar Mota Mai Zafin Nama

Golf ɗin nan da muka saba gani tana jigilar fasinja a tashoshinmu tana da wata 'yar uwa da ba don lodi aka ƙera ta ba. Sunanta Golf GTI, kuma kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara sayar da ita a 1976.

Wasu ma'aikatan kamfanin ne suka soma aikinta a ɓoye, bayan an tashi daga aiki. Da manya suka amince, guda 5,000 kacal aka shirya ƙerawa. Kafin a daina ƙirar farko, an sayar da fiye da 450,000.

Sirrin wannan ƙira ta farko rashin nauyi ne. Injinta mai lita 1.6 ba wani babba ba ne, ƙarfin doki 110 ne, amma duk motar kilo 810 ce. Shi ya sa take kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 9 da 'yan kai, ta kuma sha kwana kamar ta manne da kwalta. Hatta kan giyarta abin kallo ne, siffar ƙwallon golf aka yi masa. Har yau masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai suna nemanta ruwa a jallo.