Ƙungiya a Jigawa, Gida a Kaduna: Me Ke Raba Ƙwallon Arewa da Filayenta?

A kakar 2020/2021 ta gasar firimiyar Najeriya, Jigawa Golden Stars ta riƙa karɓar baƙuncin abokan karawarta a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Mai son ƙwallo daga Maigatari ko Sule Tankarkar sai ya ci fiye da kilomita 300 kafin ya ga ƙungiyar jiharsa tana wasan gida. Da kakar ta ƙare, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu.

Wannan ƙaura ta zama ruwan dare. El-Kanemi Warriors ta bar Maiduguri lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari. Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014, ita ma ta yi zaman Kaduna bayan an mayar da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata wurin killace masu cutar korona a 2020. A 2022 kuma aka tura ta Abuja saboda rikicin da ya biyo bayan wasanta da Katsina United.

Dalili na farko shi ne mallaka. Galibin ƙungiyoyin Arewa na gwamnatocin jihohi ne, haka ma filayen, amma ƙungiya ba ta da iko da filin da take wasa a kai. Ana kashe kuɗi a gina ko a sabunta idan babbar gasa ta taso, kamar yadda filin Kano ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, gasar cin kofin Afirka a 2000 da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Baƙi na tafiya, kuɗin kulawa sai ya ƙafe.

Na biyu, sharuɗɗan lasisi sun ƙara tsauri: ciyawa mai kyau, ɗakunan sauya kaya, shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, wurin likitoci da na kyamarori. A arewacin Jigawa ciyawar ce babban ƙalubale. Ƙasar rairayi ce, damina gajeriya, kuma mafi yawan wasannin gasar a lokacin rani ake buga su. Ciyawar gaske na buƙatar ban-ruwa kullum, ta roba kuwa tana ɗaukar zafi, tana kuma tsufa, sai an sauya ta. Na uku shi ne rikicin magoya baya, wanda hukuncinsa kan zama korar ƙungiya daga garinta.

Masu goyon bayan wannan tsauri na da hujja: fili mai kyau na rage jin ciwon 'yan wasa, alƙalin wasa kuma kan samu sukuni idan babu taron da ke yi masa barazana. Sai dai asarar ta fi yawa. Kuɗin ƙofa na ɓacewa, na mota da masauki na ninkuwa, domin kowane wasa ya zama na waje. Mai rake, mai tsire da ɗan acaɓa da ke samun na cefane ranar wasa sun yi asara. Mafi muni, yaro a Gumel ko Gagarawa na tasowa bai taɓa ganin ƙungiyar jiharsa ido da ido ba, alhali gidan kallon ƙwallo na unguwa na kawo masa Arsenal da Real Madrid kowane mako. Wanda ba ka gani ba, da wuya ka riƙe shi a zuci.

Akwai darasi a Ikenne, ƙaramin gari a Jihar Ogun. Remo Stars, ta ɗan kasuwa Kunle Soname, ta gina matsakaicin filinta da makarantar horar da matasa, ta kuma lashe gasar a 2025. Masarautar Gumel na da abin da za ta fara da shi: kasuwar Alhamis ta Maigatari na tara fatake daga Nijar da sassan Najeriya, ga yankin ciniki marar haraji da ke neman masu zuba jari. Fili mai ɗaukar 'yan dubbai, da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da yarjejeniyar da ta bai wa ƙungiya ikon kula da shi da karɓar kuɗin talla, ya fi ƙarfin alkawarin katafaren fili. Muddin gwamnati ce mai fili kuma ba ta ware kuɗin kulawa duk shekara, ƙaurar za ta ci gaba, ko da an yi sabon gini.