Zaɓen Girman Turbo: Daga Injin Tsere Zuwa Motocin Lodi a Malanbil

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake zaɓen girman turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin mota iska, da dalilin da ya sa babba ba shi ne ya fi kyau a koyaushe ba. Za a fara da injin motocin tsere, domin a can aka fi bin diddigin wannan lissafi. Daga nan za a dawo kan motocin lodi na Malanbil, garin kasuwa da ke bakin kogin Kwara a arewacin Jamhuriyar Benin, daura da Gaya ta Nijar. A nan babbar hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta bi ta Paraku da Kandi, take iso gada bayan tafiyar fiye da kilomita 700. Yawancin manyan motocin da ke bin wannan hanya da turbo suke aiki.

2.0 Yadda Turbo Yake Aiki

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san gawayi kaɗai ba ya narkar da ƙarfe, sai an haɗa masa da zugazugi. Haka injin yake. Mai ba ya ƙonewa sai da iska, kuma idan aka ƙara mai ba a ƙara iska ba, baƙin hayaƙi kawai za a samu.

Turbo fanka biyu ce a kan sandar ƙarfe ɗaya, kowace a cikin gida mai siffar katantanwa. Hayaƙin da ke fitowa daga injin shi yake juya ta farko kafin ya wuce salansa. Ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin silinda. Sandar takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, kuma kamfanin Saurer na ƙasar ya sa ta a injin babbar mota a 1938.

Abin lura a nan shi ne, ba ɗan zuga ne yake tsaye yana zuga wannan wuta ba. Hayaƙin wutar ne yake zuga ta. Saboda haka idan hayaƙi ya yi kaɗan, turbo ba ya tashi. Daga nan matsalar girma ta samo asali.

3.0 Lissafin Iska

Masu haɗa injin tsere ba da kallon turbo suke farawa ba. Sukan fara da tambaya biyu: ƙarfin doki nawa ake nema, kuma a wane juyi injin zai fi daɗewa yana aiki?

Injin mota yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. Ke nan injin mai lita 2 da ke juyi 7,000 a minti zai sha iska kimanin lita 7,000, wadda nauyinta ya kai wajen kilo 8.4. A ƙiyasin da masu sana'ar suke amfani da shi, injin fetur yana buƙatar kusan kilo 0.45 na iska a minti domin kowane ƙarfin doki 10. Wannan injin, in ba turbo, bai fi ya ba da ƙarfin doki 185 ba. Idan kuwa 400 ake so, sai an ba shi wajen kilo 18, wato fiye da ninki biyu.

Da wannan lissafi ake zuwa ga taswirar da kamfanoni irin su Garrett da BorgWarner suke bugawa domin kowane turbo. Taswirar tana nuna yawan iska a gefe ɗaya, ƙarfin matsi a ɗaya gefen, da wani yanki a tsakiya inda fankar ta fi aiki ba tare da ta dafa iskar ba. Turbon da ya dace shi ne wanda buƙatar injin ta faɗa cikin wannan yanki a juyin da aka fi amfani da shi.

4.0 Illar Babba da Illar Ƙarami

Ƙaramin turbo yana tashi da wuri, domin ɗan hayaƙi kaɗan ya ishe shi. Amma idan juyin injin ya yi sama, sai ya gaza. Yakan yi gudun da ya wuce ƙa'ida, iskar da yake bayarwa ta yi zafi, hayaƙi kuma ya rasa hanyar fita ya taru a bakin injin. Zafin nan yana iya ƙona fistin.

Babban turbo kuwa yana ba da ƙarfi mai yawa a sama, amma yana da nawa. Direba zai taka totur, mota ta yi jim, sai bayan ɗan lokaci ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Haka kuma idan fankar tana danna iskar da injin bai iya shanyewa ba, iskar takan dawo baya ta riƙa dukan fankar, a ji tana wani irin fuffuka, boris kuma ya lalace.

Kamfanin Renault na Faransa ya ɗanɗana wannan. Ya shiga gasar Formula 1 a 1977 da injin mai lita 1.5 da turbo guda ɗaya, ya yi ta fama da nawa da lalacewar injin. A 1979 ya koma ga ƙananan turbo guda biyu, kuma a shekarar Jean-Pierre Jabouille ya ci gasar Faransa a Dijon, nasara ta farko da injin turbo ya samu a Formula 1. Rage girma ne ya taimaka, ba ƙarawa ba.

Irin tseren ma yana da nasa hukunci. Motar da za ta yi gudu a miƙaƙƙen layi tana iya ɗaukar babban turbo, domin injinta ba ya saukowa daga sama. Amma a tseren Paris zuwa Dakar, wanda a shekarun 1980 yake ratsa Agadas da hamadar Tenere, kuma Peugeot ya ci shi sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990 da motocin turbo, direban da ke hawan tudun rairayi yana buƙatar ƙarfi a daidai lokacin da ya taka. Jinkiri kaɗan, mota ta kafe.

5.0 Darasi ga Motocin Malanbil

A garejin kan iyaka ana jin kalmomi iri biyu. Wanda ya fito daga Najeriya zai ce tirela da gas, na Nijar ya ce kamiyo da gazuwal, amma turbo sunansa ɗaya a bakin kowa, lissafinsa ma ɗaya ne.

Injin tirela mai lita 12 da ke juyi 1,200 a minti yana shan iska lita 7,200, kusan daidai da wancan injin tsere da ke juyi 7,000. Duk da haka turbonsu ba ya musanyuwa. Hayaƙin injin gas bai kai na fetur zafi ba, kuma tirela tana buƙatar ƙarfinta a ƙasa, lokacin da take tashi da lodi ko take hawan tudu. Mai motar da ya sayi turbon Beljiyam mafi girma saboda ya ga ƙusoshinsa sun hau, zai tarar motar tana nawa, tana tuƙa baƙin hayaƙi, tana kuma cin mai. Wanda ya sa ƙarami domin araha zai ji daɗin tashi, amma injin zai riƙa ɗaukar zafi a doguwar tafiya. Hanya mafi aminci ita ce a karanta lambar da ke maƙale a jikin tsohon turbo, na Holset ne ko na Garrett, a nemo mai lamba iri ɗaya ko wanda kamfanin ya ce yana maye gurbinsa.

Yanayin wurin ma yana shiga lissafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a wannan yanki, kuma iskar digiri 40 ta gaza ta digiri 20 nauyi da kimanin kashi 6 cikin 100. Idan turbo ya ninka matsinta, zafinta yakan wuce digiri 100, shi ya sa ake bi da ita ta lagireton iska kafin ta shiga injin. Idan wannan lagireto ya toshe ko robarsa ta tsage, mota za ta rasa ƙarfi, a ɗora wa turbo laifi alhali lafiyarsa lau. Ƙurar hunturu kuma takan cinye bakin fanka idan matacin iska ya huje.

Akwai kuma doguwar tsayuwa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar Malanbil, motoci masu ɗimbin yawa suka yi makonni a tsaye da lodinsu. Motar da ta daɗe haka, baƙin mai ya tsiyaye daga boris ɗin turbo, don haka sai a bar injin ya yi ɗan aiki a tsaye kafin a taka totur. Bayan doguwar tafiya ma haka ake yi kafin a kashe, domin turbo ya huce.

6.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa ana auna girman turbo da iskar da injin yake buƙata a juyin da yake aiki, ba da ido ba. Ƙarami yana gazawa a sama, babba yana nawa a ƙasa. Mai haɗa injin tsere yana kai wa ga amsa ta hanyar lissafi da taswira. Shi kuwa makaniken tirela, kamfani ya riga ya yi masa lissafin, ya buga shi a lambar da ke jikin na'urar. Dukkansu ƙa'ida ɗaya suke bi, wadda Hausawa suka taƙaita da cewa daidai ruwa, daidai tsaki.