Raha da masu mulki a soshiyal midiya

Tun kafin a san wayar hannu Bahaushe ya ware wa mai ban dariya gurbinsa. Wawan sarki kan faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya furtawa ba, 'yan kama su kwaikwayi malamai a bainar jama'a, a yi dariya a watse. Yau dandalin ya koma Facebook da TikTok da X, kuma 'yan Kannywood da mawaƙa da masu gajerun bidiyo ne suka gaji sana'ar.

Wanda ya iya, ba ya zagi. Dubi Bello Galadanci, wato Ɗan Bello, da bidiyoyinsa suka karaɗe Arewa a 2024: fuska a sake, murya kamar ta mai yabo, amma gugar zana ce yake yi wa masu mulki. Talakan da tsadar masara ta hana shi barci ya yi dariya, ya kuma gane inda aka dosa.

Sai dai wawan sarki yana da lasisi, ɗan TikTok ba shi da shi. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da aka ce ya ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje. A ganina hukuncin ya fi laifin nauyi. Wanda ya bi gida-gida yana roƙon ƙuri'a bai kamata habaici ya sa shi kiran 'yan sanda ba.

Amma mu ma magoya baya muna da namu laifin. Jarumi zai yi ba'a ta minti guda, a datse ta, a liƙa mata wani rubutu, kafin magariba an shiga zagin iyaye a ƙarƙashinta. Shi kuwa wataƙila da daddare suna cin tuwo da ɗan siyasar da ya zolaya. Wasu masu ban dariyar ma kwangila suka karɓa, sojojin baka ne da suka sauya riga.

Don haka mai karatu, kafin ka tura bidiyo gaba, nemi cikakkensa ka kalla, ka kuma duba ko mai shi ya taɓa zolayar jam'iyyar da yake so.