Takardar Shaidar Aure Da Wahalar "Ki Dawo Gobe"

Uwargida, ran da aka ɗaura miki aure an raba goro da alewa, maroƙi ya yi shela, kowa ya shaida. To, amma ina takardar? Matan Chikaji da yawa in aka yi musu wannan tambaya sai su yi dariya, su ce ai duk unguwa ta san mijinsu. Gaskiya ne, unguwa ta sani. Ofis ne bai sani ba, shi kuwa ofis ba ya karɓar shaidar maƙwabta.

Ran da maigida ya riga mu gidan gaskiya, aka je neman haƙƙinsa a wurin aiki, takarda za a tambaya. Ke kuma 'yar makaranta, in Allah ya kai ki jami'a a Samaru, kika gama da aure a kanki, hukumar yi wa ƙasa hidima ba za ta bar ki kusa da mijinki ba sai kin nuna shaidar aure.

Ba ƙin takardar mata suke yi ba. Wahalar karɓarta ce ke korarsu. Mace ta bar girki, ta goyo yaro, ta biya kuɗin Keke, ta isa ofis da hantsi, a ce mata akawu bai iso ba. In ya iso, sai ya ce fam ya ƙare. Gobe ga fam, amma mai hatimi ya tafi ta'aziyya da mabuɗin durowa a aljihu. Babu mai ce mata zauna, babu mai faɗa mata abin da za ta kawo gaba ɗaya. Yau a ce hoto, jibi a ce shaidu, gata a ce sai da miji. Daga ƙarshe wani ya matso ya rage murya, ya ce in za ta ba da na goro, yau ɗin nan za a gama. Wannan abin kunya ne, musamman ga ma'aikacin da ke cin albashi daga harajin mijin matar da yake wulaƙantawa.

Abin da ke ƙara ba su ƙarfi shi ne rashin saninmu. Watau aure a Nijeriya iri uku ne a idon hukuma: na Musulunci, da na gargajiya, da na rajista. Auren Musulunci ya ƙullu da waliyyi da sadaki da shaidu da siga, ko da takarda ko babu. Takardarsa shaida ce kawai ta abin da ya riga ya tabbata, ana kuwa nemanta a kotun Shari'ar Musulunci, wasu masallatai ma suna bayarwa.

Na rajista daban ne, a nan ne ya kamata ki buɗe ido. Yana ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914. Ana ba da sanarwa, a liƙa ta a ofis kwana 21 ko akwai mai ja. Dole ɗayanku ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, kuma wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye a rubuce. In wata 3 ya wuce ba a ɗaura ba, sanarwar ta mutu, sai a soma daga farko. Saboda haka kwana 21 ɗin nan ba muguntar akawu ba ce, doka ce. Abin da ya ɗoru a kai ne nasa. Sa'an nan auren rajista na mace ɗaya ne. Namijin da ya yi shi ya kuma ƙara aure, doka ta tanadar masa ɗaurin shekara 5, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi. 'Yan'uwanmu Kirista na Sabon Gari sun saba da wannan. Ke Musulma kuwa, kada wani ya ce "ai duk takarda ce" ki sa hannu ba ki san abin da kika shiga ba.

Su ma manya ba su sauƙaƙa mana ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi rajistar aure, Ma'aikatar Cikin Gida ta Tarayya kuma tana da nata ofisoshin, har rigimar ta kai su kotu a Legas, aka yi hukunci a 2021, aka sake wani a 2023. In giwaye suna faɗa, kin san mai shan wuya.

To, in za ki je, ki tafi da maigida ko waliyyinki, da shaidu biyu, da hotuna, da katin ɗan ƙasa. Tun zuwan farko ki roƙi akawu ya rubuta miki duk abin da ake bukata a takarda ɗaya. Kowane kuɗi kika biya, ki nemi rasit. In ya yi miki tsawa, ki tambayi ofishin shugabansa cikin ladabi, ba tare da ɗaga murya ba.

In an miƙo takardar, kada murna ta sa ki fita da sauri. Ki karanta sunanki harafi bayan harafi, ko ki ba 'yarki ta karanta miki. In katinki ya ce Hauwa'u, takarda ta ce Hauwa, wata rana sai kin yi rantsuwa a kotu cewa ke ce ke. Ki sa a gyara nan take, ki yi hotonta biyu, ɗaya ki kai gidanku a ajiye miki.