Injin mota mai kwamfaresa: me ke biyo bayan ɗage iyakar juyi?

Kowane maƙeri ya san aikin zugazugi: in aka ƙara wa wuta iska, sai ta ƙara ci. Wannan ita ce hikimar kwamfaresa, na'urar da ke tura iska da ƙarfi cikin injin mota domin ya ƙona esansi mai yawa, ya ba da ƙarfi fiye da girmansa.

Dabarar tsohuwa ce. A shekarar 1860 wasu ƴan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar wata na'urar hura iska, wadda aka fara amfani da ita wajen narka ƙarfe. A 1921 kamfanin Daimler na Jamus ya nuna motocin Mercedes masu kwamfaresa a birnin Berlin. Daga baya aka ga irinta a Mercedes masu tambarin Kompressor da kuma Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006.

Kowane inji yana da iyakar juyin da masu ƙira suka sa masa a minti guda. Jan layin da ke kan agogon juyi shi ne alamarta. In allura ta kai can, kwamfutar motar sai ta yanke mai ko wutar buji na ɗan lokaci. Wasu masu son gudu sukan biya a sake tsarin kwamfutar, a ɗage iyakar, misali daga juyi 6000 zuwa 7000. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, amma lissafinsa yana da nauyi.

Na farko, wahalar da ke kan fistan da sandunansa ba ta tafiya daidai da ƙarin juyi, ninkuwa take yi. Daga 6000 zuwa 7000 juyi ya ƙaru da kusan kashi 17 cikin 100, amma ƙarfin da ke fizgar waɗannan ƙarafa ya ƙaru da kashi 36. Sanda ɗaya in ta karye, tana iya huda jikin injin.

Na biyu, supaf, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi. Sifirin ne ke rufe su. In juyi ya fi ƙarfin sifirin, ƙofa ba ta rufewa kan lokaci, har fistan ya iya dukanta.

Na uku ya shafi kwamfaresa kanta. Igiyar roba ce ke haɗa ta da inji, don haka ba ta da ikon ƙin bin sa. In tana juyi biyu a kowane juyin inji, to daga 12000 za ta koma 14000. Iskar da aka matsa takan yi zafi, kuma zafin yana ƙaruwa in na'urar ta wuce gudun da aka ƙera ta dominsa. Iska mai zafi tana sa mai ya fashe ba bisa tsari ba, abin da ke cin kan fistan. A wuri kamar Niamey ko Tahoua, inda zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, haɗarin ya fi kusa, balle in esansin ba mai inganci ba ne.

Na huɗu, lokacin feshin mai yana raguwa. In masu feshin suka kasa, mai ya yi kaɗan cikin iska, zafi ya hau, ƙarfe ya narke.

Shi ya sa masu shirya motocin tsere ba sa farawa da kwamfuta. Sukan fara da sifirin masu ƙarfi, da kusoshin sanduna masu ƙwari, da na'urar sanyaya iska, da manyan masu feshin mai. Sannan su ɗora motar bisa na'urar awon ƙarfi. In awo ya nuna ƙarfin injin ya fara sauka tun kafin tsohuwar iyaka, ɗage ta ba ya ƙara komi sai ƙara da lalacewa.

Ga mai motar da ke kai shi aiki da kasuwa, jan layin nan ba cikas ba ne, mai gadin dukiyarsa ne. Wanda ya kore shi ba tare da shiri ba, ya tanadi kuɗin sabon inji. Hausawa sun ce: sauri ya haifi nawa.