Daga Gandu Zuwa Jinga: Yadda Matasan Miga Ke Sauya Tsarin Aiki

A ƙaramar hukumar Miga da sauran garuruwan da ke gaɓar kogin Haɗeja a jihar Jigawa, gona da fadama su ne babban wurin aikin jama'a, sai kasuwa da shaguna da ofisoshin gwamnati. Dangantakar mai aiki da mai ba da aiki a waɗannan wurare tana sauyawa, kuma matasa ne ke jan ragamar sauyin.

A da, gandu ne ginshiƙin aiki. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona ɗaya, amfanin ya shiga rumbu ɗaya. Shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya yanka wa kowa gayaunar da zai noma wa kansa. In aiki ya yi yawa sai a kira gayya. Yaron shago kuwa yakan yi shekaru yana hidima ba albashi, yana jiran ranar da ubangidansa zai sallame shi da jari. Amana da haƙuri ne suka riƙe wannan tsari, ba a yanka lada tun farko.

Matashin yau yana son a yi ta ta ƙare kafin ya ɗauki fartanya. Ko dashen shinkafa ne, ko cirar ciyawa, ko yanka da bugu, sai an yi jinga ko an tsayar da kuɗin yini, an faɗi lokacin tashi, an kuma san ko da abinci a ciki. Da yawa ba sa karɓar alkawarin "sai kaka ta yi". Ko a gidan uba, saurayi yakan nemi filinsa daban, ya sayar da amfaninsa da kansa.

Dalili na farko na wannan sauyi shi ne bunƙasar noman rani. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke gangarowa, injinan ban ruwa sun yawaita, sannan a watan Janairun 2023 aka buɗe aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo. Shinkafa da alkama da kayan lambu sun sa ana neman hannu damina da rani. Da yake dashe da girbi kan zo wa manoma lokaci guda, ɗan ƙwadago ya samu damar zaɓar wanda zai yi wa aiki.

Na biyu, wayar hannu. Da kira ɗaya matashi zai ji abin da ake biya a Auyo ko Jahun ko Kafin Hausa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa mutane tura kuɗi ta waya, don haka uzurin "sai ranar kasuwa" ya rage ƙarfi.

Na uku, tsadar rayuwa da haɗarin ruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin da aka jinkirta biya darajarsa raguwa take yi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 kuma sun cinye gonaki da dama a yankin, wanda ya jira girbi kafin a biya shi ya tashi a tutar babu.

Ilimi ma ya taka rawa. Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 da jami'ar jihar da ke Kafin Hausa sun ƙara yawan masu takardun shaida, alhali guraben aikin gwamnati ba su da yawa. Ko bayan da mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 a 2024, matashin malami ko ma'aikacin asibiti yakan haɗa aikinsa da gona ko shagon POS, ba ya dogara da albashi kaɗai.

Masu ba da aiki sun fara bin zamani. Manyan manoma suna biya kullum da yamma, wasu suna kai ma'aikata gona a mota, wasu suna raba amfani da mai kula da ban ruwa, wasu kuma sun koma hayar injin girbi. Amma suna kokawa cewa jinga tana kawo gaggawa da ha'inci, kuma yaro kan gudu tun bai ƙware ba. Hujjarsu ita ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sabon tsarin ya ba matashi 'yanci da kuɗi a hannu, amma ya raba shi da ubangidan da ke tsaya masa a ranar ciwo ko aure. Abin da ya fi dacewa da ɓangarorin biyu shi ne sharaɗi bayyananne a gaban shaidu, biya kan lokaci, da aiki mai inganci.