Wuni Guda A Bakin Kogin Kaduna

Da yawa daga cikinmu mazauna Sabon Tasha, Narayi, Barnawa da Kakuri ba mu san Kogin Kaduna ba sai ta tagar mota. Mukan haye gada da safe, mu dawo da yamma, ko duban ruwan ba ma yi. Wannan ne ya sa wata Asabar cikin hunturu muka kwashi yaran makarantar Lahadi, tare da iyaye mata huɗu, muka nufi Gamji domin mu wuni a bakin kogi.

Wurin shaƙatawa ne na gwamnatin jiha, a gaɓar arewa ta kogin. A hukumance yana ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, wanda ya rasu a 1995. Amma a bakin jama'a Gamji ne, wato kirarin Sardauna, Sir Ahmadu Bello.

Da isarmu muka shimfiɗa tabarmi a inuwa, sannan muka kai yaran su ga gadar Lugga. 'Yar ƙaramar gada ce ta masu tafiya a ƙasa, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, lokacin can ne hedkwatar Arewa. Bayan hedkwata ta dawo Kaduna aka kawo ta nan, kuma a 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa.

Daga nan muka tsaya a bakin ruwa, muka bayyana musu cewa kogin ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Kwara, kuma a kansa aka gina madatsar Shiroro mai ba da wutar lantarki. Da muka ce ana danganta sunan garin da kadojin kogin, sai wani yaro ya ja da baya, ya ce, "Malam, suna ciki yanzu?" Kowa ya yi dariya.

Amma maganar da ta tsaya mana a rai ta fito ne daga bakin wata yarinya mai shekara tara. Ta tambayi wata dattijuwa cikinmu, "Mama, nan ma garinmu ne?" Mama ta yi shiru, can ta ce, "'Yata, a Tudun Wada na haifi 'ya'yana duka." Ita ma, kamar dubbai, ta ƙaura zuwa kudu ne bayan rikicin Fabrairun 2000, kamar yadda wasu dubban suka bar kudu suka koma arewa. Na 2002 ya ƙara raba unguwanni. Yaran da aka haifa bayan haka sun tashi sun tarar kogi ya zama iyaka.

Kusa da mu akwai wani magidanci daga Unguwar Rimi da iyalinsa. Ƙwallon yaranmu ta faɗa kan tabarmarsu, kafin mu ba da haƙuri yaran sun haɗu sun raba gida biyu. Ba a tashi wasan ba sai da rana ta yi sanyi.

To, ga shawara ga masu niyyar zuwa. Ku zaɓi rani ko hunturu, domin a Agusta da Satumba kogin yakan cika ya yi ƙarfi. Kada a bar yaro ya shiga ruwa ko da ya iya iyo. Kowane babba ya riƙe yara biyar, a ƙirga su da zuwa da komowa. Ku tafi da ruwan sha da tabarma, ku kwashe ledojinku, ku kuma kama hanya tun da sauran haske.

Muna roƙon iyaye da shugabannin ikilisiyoyi su sa wannan fita cikin shirin hutun yara. Allah ya ba garinmu zaman lafiya, amin.